Labarin minti goma da ya dire a kan kalma ɗaya: barkwanci ne ko cin lokacin mutane?

Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ina matuƙar son wani nau'in barkwanci, irin wanda mai labari zai yi ta jan rai, ya kai ka gabas ya kai ka yamma, ka gyara zama kana jiran babban abu, a ƙarshe ya dire a kan kalma ɗaya mai harshen damo. Na ba da irinsa a cikin abokai. Biyu suka yi dariya har da hawaye, ɗaya ya ja tsaki ya ce na ci masa lokaci, kuma da gaske ransa ya ɓaci. Abin ya dame ni, don ban yi da nufin ɓata wa kowa ba. Ga labarin, ku yi hukunci da kanku.

Wani mutum ne sanƙo ya cinye masa kai tun yana saurayi, ko sili ɗaya babu. Yana da wani ɗan madubi da ba ya rabuwa da shi. Kullum da sassafe sai ya ciro ya duba ko dare ya yi masa abin kirki, ya girgiza kai, ya mayar aljihu. Babu maganin da bai shafa ba. Ran nan sai aka ba shi labarin wani tsoho a bayan duwatsu bakwai, wanda ba a zuwa wurinsa a dawo hannu rabbana. Ya ɗaura niyya, ya yi tafiyar wata biyu, takalminsa ya tsinke a dutse na uku, ya ƙarasa da ƙafa.

Tsoho ya saurare shi tsaf, ya ce, "Sharuɗɗana uku ne. Ka bar min wani abu naka jingina. In ka cika su, ni da kai ba za mu rabu ba sai da gashi." Mutumin ya lalube aljihu, ba komai sai madubin nan, ya miƙa.

Sharaɗi na farko, ya ɗebo ruwa daga kogi a cikin kwando. Ya yi sawu ɗari, kafin ya hau gangare kwando ya bushe. Sai a mako na uku dabara ta faɗo masa, ya yaɓe kwandon da laka, ya jira ta bushe, ya kawo ruwa.

Na biyu, ya raka wani kunkuru gidan surukansa, ba ɗauka, ba turawa. Wata huɗu suna tafe. Kunkuru ya tsaya gaisawa da kowane ƙadangare. Da suka iso bakin ƙofa, kunkuru ya tuna bai rufe nasa gidan ba, suka juya.

Na uku, ya yi gadin wata bishiya kwana arba'in, kada ganye ɗaya ya taɓa ƙasa. A kwana na talatin da tara guguwa ta taso. Ya tuɓe riga ya shimfiɗa, ya kwanta rigingine ya tare saura da ƙirji.

Ya dawo a rame, gemu har ciki, kai kuwa yana ta sheƙi kamar da. Ya ce, "Baba, na cika. Saura alƙawari." Tsoho ya shige ɗaki. Aka ji buɗe akwati, aka ji rufe akwati, aka ji tari, aka ji shiru. Can sai ya fito, ya kamo hannun mutumin, ya ɗora masa madubinsa, ya ce:

"Ga shi."

Uwar Biyu:
Haba Malam! Wa alaikumus salam. Sai da na dafe kai, sannan dariya ta kuɓuce min. Abin da ya kama ni shi ne na manta da madubin nan sarai. Tun a wajen kunkuru ya fita daga raina.

Direban Dare:
Ni dai ina bayan abokinka, kuma ba da wasa nake faɗa ba. Idan mutum ya ce "bari in ba ka labari", na ajiye abin da nake yi na ba shi kunnena, amana na ba shi. Ina sa ran abin da zan samu ya kai lokacin da na bayar. Kai kuma ka karɓi minti goma ka mayar min da kalma biyu da za ka iya faɗa tun a numfashin farko. Barkwanci mai kyau gajere ne, ya bugo ya wuce. Wannan kuwa mai labarin ne kaɗai ke morewa, don shi ya san inda za a je, yana kallon sauran suna binsa kamar raƙumi da akala.

Mai Alƙalami:
Na gode da ka faɗi gaskiyarka, ɗan uwa, ita nake nema. Amma gwada wannan: "Mai sanƙo ya je neman gashi, tsoho ya miƙa masa madubi ya ce ga shi." Ka yi dariya? Babu ko murmushi a ciki. Tsawon nan da kake gani kamar ɓata lokaci, shi ne jikin barkwancin. Kalmar ƙarshe tana samun nauyinta ne daga wata takwas na kunkuru.

Baba Mai Ritaya:
Yara, ku bari in sa baki, don wannan gardama ta girme mu duka. A Ingila da Amurka suna da suna na musamman ga irin wannan labari, suna ce masa labarin kare mai buzu-buzun gashi. Sunan ya fito ne daga wani labari da ake bayarwa ta fuskoki da yawa. A fuskar da ta fi yaɗuwa, wani attajiri ya yi cigiyar karensa mai buzu-buzu, wani ya tsinci kare mai kama da shi, ya sha wahalar duniya ya ƙetare teku ya kai shi har ƙofar gida. Mai buɗe ƙofa ya dubi karen ya ce buzu-buzun nasu bai kai haka ba, ya rufe ƙofa. Ƙarshen tika-tiki, tik.

Ku lura, wannan ba wasa da kalma a ƙarshensa. Shi ya sa nake ganin iri biyu muke haɗawa. Akwai wanda ke ƙarewa a wofi da gangan. Marubucin Amurka Mark Twain ya rubuta irinsa a wani littafinsa na 1872: wani mutum ya fara labarin ragon kakansa, daga wannan maƙwabci ya faɗa wancan, daga wancan ya faɗa wata mata, har barci ya kwashe shi ba a ji abin da ya sami ragon ba. Akwai kuma wanda ke ƙarewa da kalma mai ma'ana biyu, irin na Mai Alƙalami. Wannan iri na biyu ya yi tashe a mujallun ƙagaggun labaran kimiyya na Amurka daga 1956, lokacin da Reginald Bretnor ya fara gajerun labarai a kan wani ɗan yawon duniya mai suna Ferdinand Feghoot, kowanne yana direwa a kan wasa da kalma, har sunan Feghoot ya zama sunan salon kansa. A 1963 wani masanin adabin baka, Jan Brunvand, ya tattara ɗaruruwan irin waɗannan labarai ya karkasa su gida-gida. Abin da masani zai zauna ya karkasa, ba shirme ba ne zalla.

Direban Dare:
Baba, da girmanka, don an yi nazarin abu ba ya nufin abin yana da daɗi. Cututtuka ma ana karkasa su.

Baba Mai Ritaya:
Wannan gaskiya ne ɗana, na karɓa. To ga wata. Masanin falsafa na Jamus Immanuel Kant, a 1790, ya bayyana dariya da cewa tana zuwa ne idan tsammanin da aka ɗaure tamau ya warware nan take ya zama ba komai. Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa, ko ma ta ƙi tashi gaba ɗaya. Abin da kai kake kira cin amana, wato a cika ka da tsammani a sake ka, shi ne ainihin inda dariyar take fitowa a wurin wasu. Igiya ɗaya ce, wani in an sake ta ya yi dariya, wani ya ji an yar da shi ƙasa.

Ɗalibar Harshe:
Sannunku da muhawara. Ni wani gefe ya ja hankalina. Yaya Mai Alƙalami, da baki ka ba abokanka labarin, mu kuma a rubuce muka samu, kuma ba abu ɗaya ba ne.

Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai karin sama, karin ƙasa da faɗau, ga kuma tsawon wasali. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Sai a ƙamus irin na Bargery na 1934 da littattafan nazari ake sa musu alama. Gashin kai yana farawa sama ya sauka ƙasa. "Ga shi" kuwa daga ƙasa yake tashi ya hau sama. A kunnen Bahaushe ba su yi daidai ba, sun dai yi kusa. Haka wuyan jiki da wuya ta wahala. Haka kukan hawaye da kuka bishiya. Dubi "fari" kaɗai: launi, rashin ruwan sama, farko kamar a ɗan fari, da jam'in fara. Haruffa huɗu iri ɗaya, baki kuwa ya raba su sarai.

To abin da nake gani shi ne wannan ɗan gibin ne ke haifar da tsakin. Kunnenka ya san an yi maka 'yar zamba, kalmar ba ita ba ce cif, amma ta yi kusa har ba ka da bakin musu. Kana jin haushi kana kuma sallamawa a lokaci guda. Shi ya sa ake dafe kai ana murmushi. A rubuce kuma gibin yana ƙara matsewa, musamman a waya inda mutane da yawa ba sa sa lanƙwasa a haruffa, kura da ƙura su zama ɗaya, baki da baƙi su zama ɗaya.

Mai Alƙalami:
Ƙanwata, kin buɗe min ido. Na tuna da na zo kalmar ƙarshe sai da na ɗan lanƙwasa murya ta tsaya tsakanin biyun. Ban san ina yi ba sai yanzu.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ni ba ni da matsala da tsawo. Inda nake da ciwo daban ne, kuma ya faru da ni. Muna aikin dare, wajen ƙarfe uku, wani abokin aiki ya zo da fuska a murtuke ya ce ƙaninsa ya yi hatsari a hanya. Ya yi ta ba ni labari dalla-dalla, yadda aka kira shi, yadda ya ruga, yadda ya iske mota. Jikina ya yi sanyi, har na fara tunanin wa zan kira ya karɓe shi ya tafi gida. Ashe duk shimfiɗa ce ta wata kalma da zai faɗa a ƙarshe. Ya faɗe ta ya fashe da dariya. Ban yi dariya ba, kuma na yi kwanaki ban sake da shi ba. Tausayina ya ɗauka ya yi wasa da shi. Labarin mai sanƙo bai yi min haka ba, don tun daga duwatsu bakwai na san inda nake.

Almajirin Ilimi:
Allah ya ba ki haƙuri, 'yar uwa. Abin da kika faɗa ya taɓo wata magana mai nauyi. Akwai hadisi a Abu Dawud da Tirmizi da ke yin kashedi mai tsanani ga wanda ke yin ƙarya don ya ba mutane dariya. A ɗaya gefen kuma, a waɗannan littattafai dai, an ruwaito wani mutum ya roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin hawa, sai Annabi ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya yi mamakin me zai yi da ɗan taguwa, sai aka nuna masa cewa kowane raƙumi ai taguwa ce ta haife shi. Raha ce mai ma'ana biyu, kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikinta.

Wasa da kalma kansa tsohon fanni ne a balagar Larabci, suna da jinasi, wato kalmomi masu kama a furuci amma ma'ana daban, suna da tauriyya, wato kalma mai ma'ana biyu da ake nufin ɓoyayyar. Marubucin Larabci Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, a cikin gajerun labaransa hamsin da ake kira muƙamomi akwai ta 32 da ke ɗauke da tambayoyin fiƙihu ɗari, kowace amsa tana kama da kuskure sai ka gano ma'ana ta biyu. Ta farko tana tambaya a kan wanda ya yi alwala ya shafi bayan na'alinsa, aka ce alwala ta warware. Kowa ya san na'al takalmi ne, ashe kalmar tana nufin matar aure ma. Don haka ni a fahimtata, ba kalmar ce abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ko mai sauraro ya san ƙagaggen labari ake ba shi. Abokin aikinki ya ce "ƙanena", ya sa wa ƙarya rigar gaskiya. Mai Alƙalami ya ce "wani mutum ne".

Ɗan Auta:
Malam, ina da ja a nan, a gafarce ni. Ai daɗin abin shi ne a shammace ka. In ka sanar tun farko cewa barkwanci ne, mutum ya shirya, kan mage ya waye, ina sauran armashi?

Baba Mai Ritaya:
Auta, je ka dubi Japan. Suna da wata sana'ar ba da labari da suke kira rakugo, tun ƙarni na 17. Mutum ɗaya ne zai durƙusa a kan matashi, ba komai a hannunsa sai mafici da ɗan ƙyalle, ya yi ta labari yana sauya murya, wani lokaci rabin awa, ya ƙare da abin da suke kira ochi, wato faɗuwa, sau da yawa wasa da kalma ne. Yawancin labaran tsofaffi ne, masu zuwa kallo sun san ƙarshensu tun daga gida. Suna biyan kuɗi su shiga duk da haka. Me suke zuwa ji? Yadda wannan mai labarin zai bi da su hanyar. Sanin cewa za a faɗi bai hana faɗuwar daɗi ba.

Uwar Biyu:
Baba ya faɗi abin da nake gani a gida. Na karanta wa yarana labarin mai sanƙo da yamma, yanzu sau uku ke nan suna cewa a maimaita. Babbar tana rufe baki tun tsoho ya shiga ɗaki, ƙaramin yana tsalle yana jiran ya riga ni faɗin kalmar. Kuma ba su yarda in tsallake ƙadangarun da kunkuru ya gaisa da su ba.

Ɗan Auta:
To na ji. Bari in gwada nawa, ku gyara min. Wani sarki ya tara maharba ya ce duk wanda ya kamo masa dabbar da ta fi kowace wuya zai ba shi rabin dukiyarsa. Wani ya kamo zaki, wani damisa, wani kada. Wani ƙaramin maharbi ya shigo da raƙumin dawa. Sarki ya ce, wannan ai ba ya cizo. Yaro ya ce, ranka ya daɗe, auna ka gani, ya fi su duka wuya.

Ɗalibar Harshe:
Kalmar ta zauna daram, Auta. Ka yi dabara da ka ce "ta fi kowace wuya", don wuyan jiki namiji ne, wuya ta wahala mace ce, da ka ce dogo ko doguwa asiri ya tonu.

Mai Alƙalami:
Ƙanena, ginshiƙin yana da kyau, ɗakin ne ba ka gina ba. Ka yi sauri, kalmar "wuya" tana nan ɗanya a kunnena lokacin da raƙumin dawa ya shigo, nan take na hango ka. Aikin tsawo shi ne ya sa a manta. Ka ba kowane maharbi nasa labarin. Mai zaki ya rasa doki, mai kada ya kwana uku a cikin ruwa yana shaƙar iska ta kara, fadawa su yi gardama kan wanda ya fi shan wahala har mai sauraro ya shiga gardamar da kansa. Kowane zango ya zama yana da abin murmushinsa, yadda ko da an ɗauke wuta kafin ƙarshe, mutum bai yi asara ba. Nan ne masu irin wannan labari da yawa ke faɗuwa: suna ja ne kawai don a ce an ja, tsakiyar fanko. Ina zargin irin waɗannan ne suka ƙona wa Direba rai. Sannan in ka faɗi kalmar ƙarshe, yi shiru. Kada ka yi bayani, kada ka riga mutane dariya.

Direban Dare:
Zarginka ya yi daidai, ba zan ɓoye ba. Aikina ya sa ina zama da mutane awanni ba hanyar tashi, kuma an sha cika min kunne da labarin da ba kai ba gindi, ni kuwa ido a kan titi, ba damar in ce a bari. Wannan ma ku sa shi a lissafi: wanda ba zai iya tashi ya tafi ba, bai kamata a ɗaure shi da labarin minti goma ba. Har yanzu ina nan kan bakana cewa gajere ya fi. Amma kunkurun da ya tuna bai rufe gida ba, wannan kam na yi murmushi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Wannan batu na wanda ba zai iya tashi ba, mu ma ya shafe mu. Akwai majinyacin da dogon labari ke ɗebe wa kewa ya rage masa tsawon dare, akwai wanda ciwo bai bar masa wurin sauraro ba. Fuska ake duba kafin a fara, a kuma riƙa dubawa ana cikin yi.

Mai Alƙalami:
Na tuna abokin nawa yana ta duba waya tun ina sharaɗi na farko, ni kuma na ci gaba. Zan kira shi yau in ji ko akwai abin da ke damunsa a ranar.

Ɗan Auta:
Yaya, na fara tsawaita nawa. Na ba mai damisa rijiya ya faɗa, na sa mai zaki ya dawo da zakin da ba shi da haƙori fadawa suka ƙi yarda. Tambayata, raƙumin dawan ya shigo fada ne a gani, ko in bar shi a waje sai an ce a auna?

Ɗalibar Harshe:
Bar shi a waje. Ƙofar fada ba za ta ɗauke shi ba ma. Sarki ya tambayi ina dabbar, yaro ya ce a ɗaga kai, sai a ga fuska tana leƙowa ta saman katanga.